Fitar Ikilima daga Gidan Aƙiƙ

Mutanen unguwar Bani Harisa da ke Madina sun san ta da Inna Ikilima mai gyaɗa, doguwar tsohuwa mai tsage a kumatu, wadda ke zama a inuwar katangar makarantar 'yan mata da faranti a gabanta. Kaɗan ne suka san cewa ta yi fiye da shekara arba'in ba wanda ya kira ta da wannan suna. A gidan da ta tashi Mabruka suke ce mata, yaran gidan kuma su ce Dada.

A wani ƙauye kusa da Damagaram aka haife ta. Abin da take tunawa na can ba shi da yawa: wata rijiya mai zurfi, wata tsamiya, da muryar mace tana kiranta in magariba ta yi. Tana 'yar shekara bakwai ko takwas, wani mutum da ya ce shi ƙanen ubanta ne ya ɗauke ta zuwa hajji. Suka yi ta tafiyar ƙasa har bakin teku, suka haye a jirgin katako. A Jidda ya zaunar da ita a ƙofar wani gida, ya ce ta jira shi zai sayo gurasa. Ba ta ƙara sa shi a ido ba. Sai da ta yi wayo ta gane cewa sayar da ita ya yi.

Daga wannan hannu zuwa wancan ta iso Madina, aka haɗa ta cikin kayan wata amarya mai suna Nafisa. Tare suka girma, in har za a kira wannan tare, don ɗaya na kan shimfiɗa ɗaya na bakin ƙofa. Ikilima ke ɗebo ruwa, ita ke wanki, ita ke niƙa. Da uwargijiyarta Sitti Nafisa ta fara haihuwa, Ikilima ce ta goyi Mansur, ɗan fari, alhali ita ma yarinya ce. Autan kuwa, Hamza, a ƙirjinta ya yi jinyar ƙyanda, kuma bakinsa da sunanta ya buɗe kafin na uwarsa.

A shekarar 1962 hukuma ta yi shela cewa bauta ta ƙare a ƙasar. Maigidan, mijin Sitti Nafisa, ya kira ta tsakar gida a gaban dattawan unguwa, ya ce, "Ya Mabruka, daga yau ke 'ya ce, ba mai iko da ke." Sitti Nafisa ta riƙe hannunta tana kuka, ta ce, "To ina za ki? Wa kika sani in ba mu ba?" Gaskiya ta faɗa. Ikilima ta yi godiya, ta koma ta ƙarasa wanke shinkafar da ta bari. Bayan 'yan shekaru iyalin suka tashi daga tsohon gari zuwa sabon gida a unguwar Aƙiƙ, mai doguwar katanga da ƙofar ƙarfe. Aka ba ta ɗaki a ƙarƙashin matakala, har da fanka. Ba ta taɓa ƙetare ƙofar nan ita kaɗai ba.

Haka aka tafi har 1977. A lokacin maigida ya rasu, Mansur ne babba, yana cinikin siminti da rodi. Ciwon suga ya cinye rabin ganin Sitti Nafisa. Hamza kuma bai daɗe da dawowa daga Faransa ba, inda ya yi karatun injiniya.

Duk safiyar Alhamis direba kan kai Sitti Masallacin Annabi, Ikilima na riƙe da hannunta. Wata Alhamis, Sitti na nafila, Ikilima na zaune da Alƙur'ani rufe a cinyarta kamar yadda ta saba, sai ta ji wata mata a gefenta tana ce wa 'yarta, "Ki zauna mana, ke ba kya jin magana ne?"

Ta sha jin Hausa daga nesa a bakin alhazai, amma ba a taɓa yin ta dab da kunnenta haka ba. Kafin ta ankara, kalma ta fito daga maƙogwaronta a daƙile.

"Sannu."

Matar ta juyo, ta dubi tsagen fuskarta. "Yauwa, Inna, sannu. 'Yar ina ce?"

"Damagaram."

"Masha Allah. Mu kakanninmu daga Kano suka zo. Ni Raliya. Ya sunan Inna?"

Ta buɗe baki za ta ce Mabruka, sai ta tsaya. Ta waiga ta tabbatar Sitti na sujada, sannan ta ce a hankali, "Ikilima."

Raliya malama ce. Da safe tana koyar da 'yan mata a Bani Harisa, bayan la'asar kuma tana koyar da manyan mata da ba su taɓa shiga aji ba. Hausarta rabi Larabci ce, ta Ikilima kuwa Hausar yarinya ce da ta yi tsatsa, amma suka fahimci juna. Raliya ta nuna Alƙur'anin da ke cinyarta, ta ce, "Ba kya buɗewa, Inna?"

"Ban iya ba. Riƙewa kawai nake yi."

"Ki zo mana. Wallahi akwai waɗanda suka girme ki a ajin."

Ikilima ta yi murmushi kawai. Da maganar ta wuce a nan, ba don abin da ta ji bayan kwana kaɗan ba.

Wata yamma Mansur ya tara abokai a ɗakin baƙi. Ikilima ce ke shiga da shayi, don ita ba a ɗauke ta macen da ake ɓoyewa ba. Ta tarar gardama ta yi zafi tsakanin 'yan'uwan biyu. Hamza na ba da labarin wasu masana da suka rayu a Turai shekaru ɗari biyu da suka wuce. Ya ce a ganinsu ba wanda ke fitowa daga cikin uwarsa da alamar sarauta ko ta bauta a goshi. Zuciyar jariri kamar wankakken allo take, abin da gida da gari suka rubuta a kai shi ake karantawa. Ya ce in ka ga mutum ya saba da sunkuyar da kai, to koya masa aka yi, kuma abin da aka koya ana iya koyar da waninsa.

Wani dattijo cikin baƙin ya ce, "Wannan ai ba sabon abu ba ne. Mu ma mun san kowa a kan fiɗira ake haifarsa."

Mansur ya yi dariya. Ya ɗauki dabino daga faranti ya ɗaga. "Ka je gonakin Awali ka tambayi manoma. Bishiyar dabinon ajwa, ajwa ce tun tana ƙarama. Ka ɗauko bishiyar dabinon da ake ba raƙuma, ka yi ta ba ta ruwa har ka tsufa, ba za ta haifa maka wannan ba. Mutane ma haka suke. Akwai wanda aka yi don ya ja gaba, akwai wanda hankalinsa ba ya kwanciya sai an ce masa yi, bari. Kuma masanan nan naka, lokacin da suke wannan rubutu, jiragen ƙasarsu me suke ɗauka daga Afirka?"

Hamza ya ce, "Bayi. Ban musa ba. Amma laifin mai magana ba ya ƙaryata maganar."

Ikilima na durƙushe tana zuba shayi. Ba wanda ya dube ta. Shayi ya ɗiga a kan tire, ta goge da gefen gyalenta ta fita.

Washegari da safe Hamza ya shigo madafa neman ruwan sanyi. Ta jira har ya sha, sannan ta ce, ba tare da ta ɗago ba, "Ɗana, maganar da ka yi jiya, ta allon nan. Har da ni?"

Ya ajiye kofi. Ya daɗe yana kallonta. "Har da ke, Dada."

"Ko allon ya tsufa?"

"Ko ya tsufa."

Sai ta gaya masa labarin Raliya. A ranar ya shiga wurin mahaifiyarsa, ya ce zai riƙa kai Dada karatu da kansa bayan la'asar, ya dawo da ita kafin magariba. Sitti ta yi ƙorafi, amma ba ta iya hana autanta komai. Mansur ya taɓe baki, ya ce wasa ne, zai wuce.

Ranar farko alli ya karye a hannun Ikilima har sau biyu, don hannun ya saba da taɓarya da matsar wanki. Matan ajin suka yi dariya, ita ma ta yi. Akwai Takarunawa, 'yan asalin Afirka ta Yamma irinta, akwai matan ƙauye, akwai wata 'yar Bukhara mai haƙorin zinari. Kowa na zaune a kan benci ɗaya. Ita dai a ƙasa ta zauna, sai da Raliya ta kama hannunta ta ɗaga ta. Cikin 'yan makonni ta rarrabe alif da ba da ta, ta kai har jim. In suna dawowa a mota, takan ƙura wa allunan shaguna ido, in ta tsinci baƙi ɗaya da ta sani ta dafa kafaɗar Hamza ta nuna masa.

Ana cikin haka aka tura Hamza aiki Dammam. Ya bar wa direban gidan saƙo ya ci gaba da kai ta. Kwana biyu da tafiyarsa, da la'asar, ta fito da abayarta ta tarar motar ba ta nan, ƙofar ƙarfe a kulle, Mansur na zaune a kan kujera a tsakar gida.

"Ina zuwa, Mabruka?"

"Makaranta, Sidi."

"An gama wannan." Bai ɗaga murya ba. "Uwata ba ta gani. Jiya ta nemi ruwa ta ture kofi, ke kina can kina wasa da alli. Mun ci da ke, mun tufatar da ke, ba wanda ya taɓa ɗaga miki hannu a gidan nan. Ko an taɓa?"

"Ba a taɓa ba, Sidi."

"To ki saurara. Hajji ya wuce, yanzu lokacin kamu ne. Motoci na yawo suna kwashe duk wanda ba shi da iƙama, takardar izinin zama. Ki dubi fatarki, ki dubi fuskarki. Wace takarda gare ki? In suka tsince ki a titi, jirgi za su zuba ki, su sauke ki a ƙasar da ba ki san kowa ba. A nan kaɗai kike da inuwa."

Ya tashi ya sa makullin a aljihun rigarsa.

Daga ranar gidan ya canza mata. Aikin bai ƙaru ba, abinci bai ragu ba, amma duk motsin da ta yi sai ta ji kamar ana binta da ido. Aka daina zuwa masallaci ran Alhamis, wai ƙafar Sitti na ciwo. In wayar gidan ta yi ƙara, Mansur ko matarsa ne ke ɗauka. In tana tankaɗe gari, takan shimfiɗa shi a faranti ta ja baƙaƙe da yatsa, ta share da sauri in ta ji taku. Tsoronta shi ne su gudu daga kanta. Ta kuma fara tambayar kanta ko Mansur ne mai gaskiya. Ai shekara goma sha biyar ke nan da aka ce mata ita 'ya ce, kuma ko sau ɗaya ƙafarta ba ta yi marmarin ƙofa ba. Watakila haka Allah ya yi ta.

Sitti Nafisa ba ta gani sosai, amma kunnenta garau yake. Wata rana Ikilima na ɗiga mata magani a ido, leɓunanta na motsi ba ta sani ba. Sitti ta kama wuyan hannunta.

"Ina jin ki, alif, ba, ta. Kin gaji da ni ke nan."

"Ban gaji ba, Sitti."

"Ni da ke muka shigo gidan miji. Uwata ta mutu, mijina ya mutu, ke kaɗai kika rage da kika san ni da ƙuruciyata. Me karatu zai ba ki da ban ba ki ba?"

Ikilima ta rufe kwalbar maganin. Wannan magana ta fi makullin Mansur nauyi a kanta.

Cikin hunturu aka yi ruwa mai ƙarfi, kwarin Aƙiƙ ya kawo. Washegari bayan azahar Mansur ya kwashi matarsa da 'ya'yansa suka tafi kallon ruwa, kamar yadda mutanen Madina ke yi. Motar da ke kawo ruwan sha ta zo ta cika tanki, direbanta ya fita ya ja ƙofar, amma ba ta kama ba. Ikilima na shara a tsakar gida ta ga tsagar haske tsakanin ƙarafan biyu.

Ta tsaya da tsintsiya a hannu. Ta je ta taɓa ƙofar da niyyar rufewa, sai ƙofar ta ƙara buɗewa. Ta ga titi jiƙe, da wata akuya na cin kwali. Ta koma ɗakinta ta ɗauko abaya, ba ta ɗauki komai ba bayan ita. Tana tsakiyar tsakar gida muryar Sitti ta fito daga sama.

"Mabruka!"

Ƙafafunta suka juya da kansu. Ta taka matakala ɗaya.

"Ya Mabruka, kina ina?"

Ta dafa bango. Ta san tulun ruwa na gefen gadon Sitti, ta san an ɗiga maganin rana, ta san su Mansur za su dawo kafin magariba. Ta sauke ƙafarta daga matakalar, ta fita, ta ja ƙofar har ta ji ta kama.

Hanyar Bani Harisa ta tagar mota kawai ta san ta. A ƙasa komai ya bambanta. Ta bi gefen kwalta, kwarin na ruri a hannun hagunta da jan ruwa mai ɗauke da itace da gwangwanaye. Ta wuce wani masallaci da take zaton ta gane, ta sha kwana, sai ta tsinci kanta cikin gine-ginen da ba a gama ba. Ta dawo baya. Takalminta ya cika da laka. Duk motar da ta rage gudu sai ta sunkuyar da kai ta ƙara sauri. Ba ta taɓa tsayar da baƙo ta tambaye shi hanya ba, ba ta ma san yadda ake farawa ba.

Motar da ta tsaya a ƙarshe babba ce, mai raga a baya, cike da mutane. Wani mai kaki ya sauko.

"Iƙama, ya hajja."

"Ba ni da ita."

"Hau."

Aka kai su wani fili mai katanga a bayan gari, mata a gefe ɗaya ƙarƙashin rumfar kwano. Wata mai suna Kaltuma, 'yar Maraɗi, wadda ta zo hajji ta maƙale tana wankau, ta matsa mata a kan tabarma, ta bayyana mata yadda abin yake. Wanda ke da mai tsaya masa, a zo a fitar da shi. Wanda ba shi da kowa, in mota ta cika a kai shi Jidda, daga can sai jirgi.

"Ke wa gare ki?" in ji Kaltuma.

Ikilima ta san sunan gidan da in ta ambata za a buɗe mata ƙofa nan take. Amma da aka kira ta gaban jami'in wurin, wani mai furfura a gemu, sai ta ce ita dai ta san Malama Raliya, mai koyar da manyan mata a Bani Harisa. Jami'in ya ce wannan ba adireshi ba ne. Ya tsaya yana sauraren Larabcinta, irin na tsofaffin matan cikin gari, ya tambaye ta tun yaushe take Madina. Ta ce tun kafin a kawo lantarki gidaje. Ya ce a mai da ita rumfa.

Da hantsi washegari aka sake kiranta. Tana shiga ta ga Mansur zaune, da farar riga da ƙamshin turare, idanunsa sun yi ja. Ya bi asibitoci da ofisoshi kafin ya dace da nan.

Jami'in ya ce, "Kin san wannan?"

"Na san shi. Ni na goye shi."

"Ya ce ke ta gidansu ce, kin rikice kin ɓata. Za ki bi shi?"

Mansur ya miƙe kamar an gama magana. "Taso, Mabruka. Uwata ba ta ci komai ba tun jiya."

Ta dubi ƙasa. Tun tana yarinya ba ta taɓa ce wa ɗan gidan nan a'a ba, har ta ji kamar harshenta bai san hanyar kalmar ba.

"In na koma, zan je makaranta?"

"Ba a nan za mu yi wannan magana ba."

"To ba zan bi ka ba, Sidi."

Mansur ya matso har tana jin numfashinsa. "Kin san abin da kike faɗa? Jirgi za su sa ki."

"Na ji."

Jami'in ya gyara zama, ya ce wa Mansur, "Tambaya ɗaya. Matar nan tana cikin waɗanda aka 'yanta? In tana ciki, 'yar ƙasa ce, ba ruwanmu da ita."

Mansur ya dube ta, yana jira ta ɗago. Ba ta ɗago ba. Ya ce, "Wannan zamanin mahaifina ne. Ban san komai a kai ba." Ya gyara mayafin kansa ya fita.

Jami'in ya yi ajiyar zuciya. "Mota za ta tashi bayan Juma'a. Ki yi tunani, ya hajja. In kin canza, ki gaya wa mai gadi."

Da ta koma rumfa ta ba da labari, Kaltuma ta riƙe baki. "Ke kuwa lafiyarki ƙalau? Gida da fanka da abinci, an zo har nan ana roƙonki? Ni da za a ba ni rabin wannan, da rarrafe zan bi shi. Can da za a kai ki, wa zai ba ki ko ruwan sha?"

Ita ma Ikilima tambayar da ke cin ta ke nan. Kwanakin nan ba ta iya haɗiye gurasar da ake raba musu. Sau da yawa ta tashi ta nufi mai gadi, ta kai rabin fili ta dawo. Takan ga Sitti na lalube a gefen gado. Takan ga kanta a bakin wata rijiya, tsohuwa, tana yi wa mutane Hausar yara suna dariya. Ranar Alhamis da rana ta kai har gaban mai gadin, ya ce, "Na'am?" Ta ce ruwa take so.

Ashe jami'in ya aika a bincika a makarantun Bani Harisa. Safiyar Juma'a Raliya ta iso da mijinta Abdulrauf, ma'aikacin gidan waya, mutum mai sanyin magana. Raliya ta rungume ta tana faɗa cikin Hausa da Larabci a haɗe, wai ta zaci ciwo ne ya hana ta zuwa. Abdulrauf ya tsaya mata, don haka da aka loda mata bayan sallah ba a sa da ita ba. Tana tsaye ta ga an tafi da Kaltuma, wadda ta leƙo ta raga tana ɗaga mata hannu. Amma ba a sake ta ba, sai an sami shaida daga gidan da ta fito.

Abdulrauf ya yi ta bugun waya har ya samo Hamza a Dammam. Hamza ya biyo jirgi, ya nemo dattawa biyu daga tsohuwar unguwarsu, suka shaida cewa sun san ta tun tana yarinya, kuma a gabansu aka 'yanta ta. Sai a lokacin aka buɗe mata ƙofa.

A bakin mota Hamza ya sumbaci kanta, hawaye na zuba. "Ki bi ni Dammam, Dada. Akwai makaranta a can, ba mai hana ki."

Ta shafa kumatunsa. "In na bi ka, ɗana, kafin wata ya ƙare ina wanke maka riga, ina jiran ka ce in fita. Ba laifinka ba ne. Haka hannuna ya saba da kai."

Gidan Raliya ta tafi. Suka ba ta wani ɗaki a bayan gida, ta ce ba za ta zauna a banza ba, ta fara suyar gyaɗa tana kaiwa ƙofar makaranta. Farkon zaman bai yi daɗi ba. In Abdulrauf ya shigo takan zabura ta miƙe, ya yi ta roƙonta ta zauna. In aka tambaye ta me take so a dafa, sai ranta ya ɓaci, ta ce a dafa abin da aka ga dama. Ta yi watanni kafin ta iya shiga kasuwa ta zaɓi atamfa da kanta, kuma da ta zaɓa, ja ce mai manyan furanni, wadda Raliya ta ce ko amarya sai ta yi tunani. Ta kuma zama mai faɗa. Yaran gidan sun sha rankwashi a hannunta, ita da Raliya sun sha saɓawa a kan haka, don Raliya ba ta yarda a daki yaro ba.

Karatu ya zo mata a hankali. Ba ta taɓa zama mai saurin karatu ba, rubutunta kuma har ta mutu a karkace yake. Amma ta kai tana buɗe Alƙur'ani ta bi gajerun surori da yatsa, tana haɗa abin da ta haddace da abin da ke kan takarda. Hamza da Abdulrauf, waɗanda suka zama abokai, sukan yi gardama a kanta in sun haɗu. Hamza ya ce ga shaida nan cewa tarbiyya ce komai. Abdulrauf ya ce a'a, akwai wani abu a cikinta tun asali da shekara arba'in ba su iya gogewa ba. In ta ji su takan ce su sha shayinsu kafin ya huce.

Bayan kusan shekara biyu labari ya zo cewa Sitti Nafisa ta kwanta. Ikilima ta ɗaura abaya ta tafi Aƙiƙ, ta buga ƙofar ƙarfen. Mansur ne ya buɗe. Ya kauce ya ba ta hanya. Sitti ta gane takunta tun daga matakala, ta juya fuska bango, ta ce, "Na kira ki ranar nan."

"Na ji ki, Sitti."

"Kika tafi."

"Na tafi."

Ta zauna a bakin gadon, ta jawo ƙafafun ta fara matsawa. Sitti ba ta janye ba. Daga ranar takan zo da hantsi ta yi jinya, in la'asar ta yi ta tashi. Sitti kan roƙe ta ta kwana, ita kuwa ko sau ɗaya ba ta kwana ba. Haka suka yi har Sitti ta rasu a 1983, kuma Ikilima ce ta yi mata wanka. Mansur bai sake yi mata magana ba sai ranar zaman makoki, da ya wuce ta gabanta ya ce, "Allah ya saka miki," bai tsaya jin amsa ba.

A shekarunta na ƙarshe ta ɗauki wata ɗabi'a da ta dami Raliya. Ranar da ba makaranta, takan tafi tashar bas ta karanta allon gaban motar a hankali, ta shiga wajen mata a baya, ta bi ta har inda ta tsaya. Wata rana Ƙuba, wata rana gindin Uhudu, wata rana cikin gonakin Awali, inda takan sauka ta yi ta yawo tsakanin katangun dabino har ƙafarta ta gaji. Ba ta da kowa a wuraren nan. In Raliya ta tare ta a ƙofa ta ce, "Inna, yau kuma ina?" sai ta ce, "Sai na ga motar da ta fara zuwa."

Ta rasu a shekarar 1988 bayan gajeruwar rashin lafiya. Aka yi mata sallah a Masallacin Annabi bayan azahar, aka kai ta maƙabartar Baƙi'a. Abdulrauf da Hamza ne suka shiga kabarin suka karɓe ta.